Daɗewar buɗe kyamara ba ita ke fito da taurari ba

Da yawa daga masu kwana a gandun daji irin Death Valley na Amurka sun ɗauka cewa in aka bar idon kyamara a buɗe minti biyu ko uku, taurari za su fito tas. Ba haka abin yake ba. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in aka daɗe, tauraro sai ya miƙe kamar ƙwayar shinkafa, in an wuce nan ya zama layi.

Lissafin da ake bi don sanin daƙiƙa nawa za a bar idon a buɗe shi ne a raba 500 da milimitar gilashin kyamara, wato lambar mm da ke rubuce a jikinsa. Mai milimita 20 zai jure kimanin daƙiƙa 25, mai 50 kuwa 10 kacal. A kyamara mai ƙaramin farantin ɗaukar haske (wanda ake kira APS-C), a fara ninka milimitar kimanin sau 1.5 kafin a raba. In ana so taurarin su fito ɗigo-ɗigo a babban hoto, gara a ƙara rage daƙiƙa biyar.

Sauran hasken ana samo shi ne ta buɗe ƙofar hasken gilashi sosai zuwa f/2.8 da ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 3200. A kafa kyamara a kan ƙafa mai ƙwari, a sa ta jira daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta, a saita gani da hannu a kan tauraro mafi haske.

Farin wata ma ba taimako ba ne, yana dusashe ƙananan taurari. A nufi ƙarshen wata, lokacin duhu.