Ranar da Na Hau Dutse a Kan Gashin Akuya

Rowa ce ta kai ni, ba jarumta ba. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Grenoble, garin da duwatsu suka yi wa ƙawanya, har na ɗan iya zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara a Chamrousse, inda aka yi wasu daga cikin wasannin Olamfik na hunturu a 1968. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tikitin kujerar nan mai igiya da ke kai mutum ƙololuwa. Duk ranar da na biya sai na juya kuɗin zuwa sefa, in auna shi da tiyar gero a kasuwar Maraɗi, raina ya ɓaci.

Sai wani Bafaranshe ɗan ajinmu ya ce ai akwai masu barin filin da aka gyara, su hau dutse da ƙafarsu, su gangaro ta inda babu sawun kowa. Na ce nawa ake biya? Ya ce ko sisi. Na ce shi ke nan, an zo wurin.

A shagon haya aka fara ƙaryata shi. Allon nasu daban ne, tsagagge gida biyu a tsaye: ka raba shi ka taka ɗaya a kowace ƙafa ka hau, in ka kai sama ka haɗe shi ka gangaro. Aka miƙo mini wasu dogayen ƙyallaye masu gam da ake mannawa a ƙarƙashinsa don kada mutum ya zame baya. Faransawa na ce musu fatar karen ruwa, amma mai shagon ya ce nawa da gashin akuyar Angora aka saƙa. Ni da na taso ina korar awaki daga bakin rumbu, yau ga ni na biya Yuro don in taka gashinsu. Aka ƙara da shebur, da sanda mai naɗewa, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙirji, mai aika sigina don a gano mutum in ƙanƙara ta binne shi. Da aka buga lissafi ya wuce kuɗin tikitin. Na yi shiru, don an riga an zari katina.

Mai yi mana jagora wata dattijuwa ce siririya kamar sillen kara, ba ta da yawan magana. Ta ce ma'aunin haɗarin zaftarewar ƙanƙara mataki 5 ne, ranar muna kan na 2, kuma yawanci gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45 ne ke ɓallewa. In ta binne mutum, minti 15 na farko su ne rai. Bayan nan sai addu'a. Na dubi abokina. Shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon sama.

Dattijuwar ta binne jaka da na'ura a cikinta don gwaji, ta ce kowa ya juya tasa daga aikawa zuwa nema. Na danna wani abu, na ɗauka na juya. Mutum biyar suka sunkuyar da kai suna bin kibiyar na'urorinsu, suka yi ta kewaye, a ƙarshe duk suka taru a gabana, wani har ya fara zaro shebur. Ashe tawa tana ta shelar cewa ni ne a binne. Dattijuwa ta zo ta murɗa mini maɓallin, ba ta ce uffan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai hawa. Ɗan Maraɗi ya ji an ce dutse da ƙanƙara, me kake tsammani? Riguna huɗu na jibga, da wando biyu, da rawanin da nake naɗawa lokacin hunturu. Su kuwa sun tashi da riga ɗaya ko biyu suna karkarwa, ina ta tausaya musu a zuci. Minti ashirin da fara tafiya na jiƙe sharkaf kamar mai huɗa a watan Yuli. Na tsaya na tuɓe, na cusa a jaka, jaka ta zama ta ɗan koli. An ce a riƙa jan ƙafa, kada a ɗaga. Ni kuwa ɗagawa nake kamar zalɓe a fadama. A kwanar farko, inda ake juya ƙafa ɗaya sannan a biyo da ɗayar, na tsaya ƙafar dama na kallon gabas, ta hagu na kallon yamma, na rasa wadda zan bi.

Awa uku muka yi kafin mu kai. Na ɓare ƙyallen akuyar, iska ta kaɗa shi ya manne a rigata. Garin ɓamɓare shi na ajiye rabin allon a ƙasa ta gefen santsinsa. Allon nan ba shi da birki. Ya kama hanya salun alun, shi kaɗai, da gwanintar da ban taɓa nunawa a kansa ba, sai da wata bishiya ta tare shi can ƙasa. Na bi shi ina nutsewa har ƙugu, na dawo ina huci kamar jakin da ya sha kaya.

Gangarowar fa? A filin da aka gyara ƙanƙarar a daddaɓe take kamar daɓen ɗaki. Nan kuwa gari ce, sai ka jingina nauyinka a ƙafar baya don hancin allon ya taso. Na manta. Hancin ya nutse, na bi shi da ka. Na dafa hannu in tashi, hannun ya shige har kafaɗa. Na dafa ɗayan, shi ma ya tafi. Haka na kwanta ina wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka kifar, har dattijuwa ta miƙo mini sandarta. Amma gaskiya, tsakanin faɗuwa ta huɗu da ta biyar, na samu juyi uku a jere, shiru, babu ƙara, kamar ana ɗauke da ni a kan auduga. Na yi ihu da Hausa. Duka-duka gangarowar ba ta kai minti ashirin ba, har da kwanciyata.

Da dare na kira Inna ina ba ta labari.

Ta ce, "To can saman dutsen me ke akwai?"

Na ce, "Babu komai, Inna."

"Me ka je ɗaukowa?"

"Ba komai. Saukowa kawai muka yi."

Ta yi shiru, sannan na ji ta juya tana ce wa ƙanwata, "Ke, zo ki ji yayanki. Wai kuma har biya ya yi."