Takardar "na yafe" ba ta rufe ƙofar kotu ba

Jama'a dan Allah mu daina ruɗin mata da maganar "ai kin riga kin sa hannu". Sa hannun da anka karɓa a takardar rabuwar aure mace na kuka, an tara mata maza cike da zaure, miji na cewa ko ta dangwala yatsa ko ta tafi ta bar mai yaransa, wanga ba yarda ba ne, tilas ne.

Wata maƙwabciyarmu nan Gusau haka anka yi mata. Takarda guda, an rubuta ta maida sadaki, ta yafe ciyarwar idda, har keken ɗinkin da ta saya da kuɗin adashinta an ce ya zauna gidan. Kuma abin haushi ba mijin ne ya fi matsa mata ba, kawunta ne, wai "ke dai sa hannu ɗiyata a rabu lafiya, kar ki ja muna magana". Lafiyar wa?

Tun 2000 ake shari'ar Musulunci a Zamfara, kuma mazhabar Malikiyya kotunanmu ke bi. To ku buɗe Risala, littafin da kusan kowace makarantar zaure ake karantawa: mace na iya fansar kanta da sadakinta ko ƙasa ko sama, amma in cutar da ita anka yi har ta biya, saki ya tabbata kuma a maido mata abinta. Suratun Nisa'i aya ta 19 ma ta hana a ƙuntata ma mata don a ƙwace wani abu daga abin da anka ba su. Kayan ɗaki nata ne. Ciyar da yara kuwa wuyan uba yake ko suna hannunta.

Sai dai alƙali ba ya aiki da hawaye, hujja yake so. Wa ya ga duka, wa ya ji barazanar, akwai saƙon WhatsApp ko katin asibiti? Ki adana, ki riƙe kwafin takardar (da yawa ko hotonta ba su ɗauka ba), kuma kar ki zauna shekara biyu kina jiran zuciya ta huce, shaidu mantuwa suke yi ko su ji kunyar surukai. In kotun farko ba ta yi miki daidai ba akwai ɗaukaka ƙara, in ba kuɗin lauya a nemi Legal Aid (hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta) ko FIDA (ƙungiyar lauyoyi mata).

Masu shigo min inbox da "kina zuga mata su kashe aure", auren ai ya riga ya mutu malam, keken ɗinki muke magana.