Wai yaushe za a rufe wannan shari'ar?

Jiya da daddare na zauna kallon Law & Order: SVU, shirin 'yan sandan Amurka da aka fara tun 1999. Ko minti goma ba a yi ba na gano mai laifin. Ba basira ba ce, haddacewa na yi: wanda aka fara cafkewa ba shi ba ne, sai can wani salihin bawan Allah da aka nuna da farko ya fashe da kuka ya amsa.

Kashi sama da 500, jama'a! Jaririn da aka haifa shekarar da aka fara shi yanzu magidanci ne. Su dai ba za su daina ba tunda kuɗin talla na shigowa. Abin haushin, mako mai zuwa ma ina nan zaune gaban talabijin.