Sassaben zamani: Darasin da ke jiran mu a gonakin Maraɗi

Duk shekara idan damina ta kankama, jihohinmu na Arewa kan shirya bikin dashen itatuwa. A kafa rumfa, a raba dashe a cikin baƙar leda, babban baƙo ya dasa nasa, a zuba ruwa a watse. Wanda ya koma wurin a tsakiyar rani ya san abin da zai tarar. Awaki sun cinye wasu, rana ta ƙone saura. Ban ce masu wannan aiki suna da mugun nufi ba, da yawansu hamadar da ke matsowa tana damun su kamar yadda take damun kowa. Amma mun daɗe muna maimaita hanya guda, alhali maƙwabtanmu da muke magana da harshe ɗaya, muke auratayya da su, sun riga sun nuna wata hanyar da ta fi arha, ta kuma fi ɗorewa.

A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi da ke Nijar sun zama fili fetal. Iskar farkon damina takan kwaso rairayi ta binne gero yana ɗan tsiro, manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku. Mata kan yi doguwar tafiya neman itacen girki, in an rasa a ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi masu yawa wajen renon dashe, akasarinsa bai rayu ba. Ɗaya daga cikin masu wannan aiki, wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, a 1983 ya lura da abin da manoma ke gani kullum: ƙananan kurmin da ke tohowa ko'ina a gona, waɗanda ake sassabewa a ƙona duk bazara, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni. Saiwarsu tana nan da rai, ta nutsa can ƙasa inda danshi yake.

Aikin kansa ba shi da wuya. Lokacin sassabe manomi ya zo kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo mai toho goma ko ashirin. Maimakon ya share duka, sai ya zaɓi uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya yanke saura da adda mai kaifi, ya rage rassan ƙasa na waɗanda ya bari. Shi ke nan. Duk ƙarfin tsohuwar saiwa sai ya koma kan waɗannan 'yan tsirarun, su tashi da saurin da dashen leda ba zai taɓa yi ba, domin shi dashe sai ya yi fama ya kafa saiwa tukuna, kuma sai an bi shi da ruwa. Bayan 'yan shekaru manomi na iya sare reshe ɗaya ya yi girki ko ya sayar, ya bar wani toho ya maye gurbinsa. Manoman Nijar suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Masu binciken sun ƙiyasta ƙarin hatsi na kusan tan 500,000 a shekara. A ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a duniya aka yi wannan, da hannun manoma da addunansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aikin ya kusa rushewa tun farko. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. An bar itatuwa kusan 500,000. Da aka daina rabo, sai mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu ne suka ceci al'amarin, domin maƙwabta sun gani da idonsu cewa geronsu bai lalace ba, ga itace a ƙofar gida, ga abincin dabbobi a tsakiyar rani. Daga nan abin ya yaɗu daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa. Duk mai shirin kawo wa ƙauye ci gaba ya kamata ya tsaya a kan wannan. Aikin da aka yi saboda buhun hatsi ya tafi tare da buhun, wanda aka yi saboda manomi ya ga amfaninsa ya zauna har yau.

Sai batun mallaka. Tun dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935, da dokokin da suka biyo baya bayan samun 'yanci, itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro. Jami'in gandun daji na iya cin ka tara don ka datse reshe. To wane manomi zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da jami'ai a yankin Maraɗi suka sassauta, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu, sai hali ya canza. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun biyo baya. Mutane ba su jahilci darajar itace ba. Tun ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sare gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan haka. Kowane tsoho a karkara ya san gawo na zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe kyau, sannan da rani ya yi ganye da 'ya'yan da dabbobi ke rububi. Sanin yana nan, doka ce ta sa aka daina aiki da shi.

Manomanmu na wannan ɓangaren ma ba baƙin abin ba ne. Wanda ya bi ƙauyukan da ke kewaye da Kano zai ga gonaki cike da ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya, a ƙasar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu, ana ciyar da ita da takin gida da na birni. Masana sun daɗe suna zuwa nazarin wannan tsari. Abin takaici shi ne shirye-shiryenmu na hukuma sun fi amincewa da darbejiya da turare na cikin leda fiye da abin da ƙasar take fitarwa da kanta. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015 don jihohi 11, yana da amfaninsa, kuma akwai filayen da suka mutu murus da sai an yi musu dashe. Amma ko ɗan kaso aka ware daga kuɗin renon dashe aka zuba a kan kututturen da ke gonakin Katsina da Jigawa da Sakkwato da Yobe, da an ga bambanci.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wani zai ce itace na tara tsuntsaye su cinye gero, ko inuwa ta danne shuka, ko ya hana tarakta wucewa. Waɗannan ana magance su da zaɓen irin itacen da za a bari, da yawan da za a bari, da datsa a kan lokaci, kuma manomi ne zai yanke wannan shawara a gonarsa. Matsalar da ta fi girma ita ce ta wanda yake noma gonar aro ko haya ko jingina: me zai sa ya reni itacen da wani zai ci? Sai kuma sata. Tsadar gas da kalanzir ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi, mai yin gawayi kuwa cikin dare ɗaya zai kwantar da abin da aka yi shekara biyar ana reno. Ga kuma yankunan da rashin tsaro ya hana mutane zuwa gona gaba ɗaya, inda maganar reno sai an samu zaman lafiya.

A nan ne ƙarfin al'umma yake shigowa, domin mutum ɗaya ba zai iya tsare itacensa shi kaɗai ba. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye na jihar Maraɗi, mutane sun kafa kwamitocin sa ido, suka tsara wa kansu dokokin sara da tarar wanda ya karya. Abin da ya burge ni shi ne sun sa mata a ciki, su da suka fi kowa sanin wahalar itace, sun kuma sa makiyaya, waɗanda da an bar su a waje da su za a fara zargi da datse gawo. Mu ma muna da kayan aikin: mai unguwa da dagaci, limami, arɗo, ƙungiyoyin adashen mata, da al'adar gayya da har yanzu ba ta mutu ba a karkara. Yarjejeniyar da aka ƙulla a ƙofar gidan dagaci, kowa na ji, ta fi takardar da aka rubuto daga babban birnin jiha kama mutane. A irin wannan zama ne za a sasanta rabon mai gona da mai aro tun kafin itacen ya girma.

Abin da ake buƙata daga hukuma kaɗan ne, amma ita kaɗai za ta iya yin sa. Majalisun jihohi da ƙananan hukumomi su fito fili su ce itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, ya datsa ya sayar ba tare da tsoron malamin daji ba, a kuma sanar da haka a rediyo da masallatai da kasuwanni har ya shiga kunnen kowa. Malaman gona su koyi aikin su koyar da shi da bazara, lokacin da adda ke hannu. Sannan a kai manoma su gani. Haka aka yi a 1989, lokacin da aka kai wasu manoma kaɗan daga Illela ta jihar Tawa zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga ramukan shuka da ake haƙawa a zuba taki a busasshiyar ƙasa, suka dawo suka yaɗa abin da ake kira tassa, har filayen da aka yi watsi da su suka koma yin daraja. Daga Jibiya zuwa Maraɗi tafiyar da ba ta kai ta yini ba ce, haka daga Daura ko Maigatari zuwa ƙasar Damagaram. Ƙaramar hukumar da ta cika mota biyu da manoma maza da mata da makiyaya kafin sassaben bana, ta bar su su kwana biyu suna tambayar 'yan'uwansu da Hausa a bakin gona, kuɗin da za ta kashe ba zai kai na rumfa da kujerun biki ɗaya ba.