Zanen yatsa ba ya auna damuwar matashi

Jifa-jifa akan ji an yi wani bincike, galibi a kwalejojin likitanci na Indiya: a tara ɗalibai, a dangwala yatsunsu a tawada, a raba musu takardar tambayoyi kan damuwa da fargaba, sannan a ce masu zane kaza sun fi shiga zullumi. A ganina an ɗora wa yatsa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Tunanin yana da tushe. Fata da ƙwaƙwalwa daga shimfiɗa ɗaya suke tsirowa a jikin ɗan tayi, kuma zanen yana fara fitowa ne wajen mako na 10 na ciki. Abin da ya girgiza uwa a wannan tsakanin yana iya barin alama. An ga haka a lardin Kebek na Kanada bayan guguwar ƙanƙarar 1998, inda 'ya'yan matan da bala'in ya riska da cikin mako 14 zuwa 22 suka ɗan fi samun bambancin zane tsakanin hannun dama da na hagu.

Amma a ce yatsa zai nuna matashin da fargaba ke ci, wannan kuma da sauran magana. Tun 1892 masanin kimiyya ɗan Ingila Francis Galton ya kasa zanen gida uku, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na yatsun mutane a gida ɗaya suke, wato mai lanƙwasa. Abin da mafi yawan jama'a ke da shi, wa zai bambance da wa? Sannan zanen ba ya sauyawa har kabari, alhali damuwa zuwa take tana tafiya. Yatsan da yaro ya dangwala a cibiyar JAMB gabansa na faɗuwa, shi ne dai zai kai banki yana fara'a ranar albashinsa na farko.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kasuwa. A Indiya kamfanoni sun daɗe suna karɓar kuɗin iyaye da sunan karanta basira da halin yaro daga yatsunsa, har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta fito a 2019 ta ce gwajin ba shi da madogara a kimiyya. Duba ne kawai aka sa wa kwamfuta.

Likitan da ke son gane ko matashi na cikin fargaba tambayarsa yake yi: yana samun barci? Tunani na hana shi sukuni? Tun yaushe? Akwai ma ma'aunin GAD-7, tambayoyi 7 kacal, da ake amfani da shi tun 2006, kuma cika shi ba ya cin minti 5.