Dole jihohin Amurka su iya hukunta jami'an shige da fice

A watan Mayu na 2010, a mashigar San Ysidro da ke iyakar Amurka da Meziko, jami'an tsaron iyaka sun taru a kan wani uban 'ya'ya biyar mai suna Anastasio Hernández Rojas. Yana kwance a ƙasa, hannayensa cikin ankwa, suna dukansa, ɗayansu yana ta ɗana masa bindigar lantarki ta Taser. Masu wucewa sun ɗauki bidiyo da wayoyinsu, ana jin yana ihun a taimake shi. Kwanaki kaɗan bayan nan ya rasu. Likitan binciken gawa na San Diego ya rubuta cewa kisa ne. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta rufe fayil ɗin, ba ta gurfanar da kowa ba.

Wannan shi ne abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Jami'in na gwamnatin tarayya ne, mai bincikensa na tarayya, mai yanke shawarar a kai shi kotu ko a bar shi, shi ma na tarayya. An bai wa kura ajiyar nama.

Ƙofar neman diyya ma kusan an toshe ta. A 2022, a shari'ar Egbert da Boule, Kotun Ƙoli ta hana wani mai masauki ƙarar jami'in iyaka da ya ce ya tunkuɗe shi ya kayar da shi. Ɗan sandan jiha in ya yi haka, akwai dokar da za ka kai shi kotu da ita. Na tarayya kuwa, sai dai ka rungumi ƙaddara.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan Meziko ce kaɗai. A Satumban 2025 Amurka ta kori mutum 14 ta sauke su a Ghana, ciki har da 'yan Najeriya. A ƙarar da lauyoyinsu suka shigar, an ce wasu an ɗaure su tamau cikin rigar ɗaure jiki har tsawon awa 16 a jirgin soja. Ka tsaya ka auna awa 16 ba ka iya motsa hannu ko ka gyara zama. Kora hukunci ne na takardu, ba a yanke wa kowa azaba a ciki ba.

Shi ya sa nake goyon bayan abin da jihar Illinois ta yi a ƙarshen 2025, da ta kafa dokar da ta bai wa mutane damar ƙarar jami'an shige da fice a kotun jiha idan sun take musu haƙƙi. Masu adawa za su ce tsarin mulki ya ɗora dokar tarayya sama da ta jiha, kuma haka ne. Amma kariyar da kotuna suka bai wa jami'in tarayya tun 1890 tana da sharaɗi: sai abin da ya yi ya kasance cikin aikinsa kuma bai wuce abin da ya zama dole ba. Wane dole ne ya sa a ɗana wa mutumin da ke ɗaure lantarki?

A Janairun 2026, da jami'in hukumar shige da fice ta ICE ya harbe wata mata mai suna Renee Good a Minneapolis, hukumar FBI ta karɓe binciken, masu binciken jihar Minnesota suka ce an hana su ganin hujjoji. A titin jihar aka kashe ta, kuma dokar kisa ta jihar ce. Masu gabatar da ƙara na jihar suna da haƙƙin ganin bidiyo da makami da bayanan shaidu, su kai maganar gaban alƙali, shi ya yanke ko kariyar ta hau kan jami'in ko ba ta hau ba.