Ka taka tukuna, sannan ka nemi canjaras

Jiya bayan la'asar a majalisarmu ta Titin Gidan Zoo wani ya ɓata min rai a wasan ces. Saura min daƙiƙa 40 a agogo, na kafa wa dokinsa ido ina lissafin yadda zan kama shi, sai na ji: "Yaya, mu yi canjaras mana." Lokacina ne fa ke tafiya! Na ce a'a. Bayan taku biyu ya sake, har da miƙo hannu saman allo ya tare min gani. Kafin in tattaro hankalina lokaci ya ƙare min.

Dokar FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, a fili take: ka yi takunka, ka nemi canjaras, sannan ka danna agogo. Yawan maimaita tayin kuwa damun abokin wasa ne, alƙali na iya hukunta mutum a kansa. A gasar ces da aka yi a birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya a 2005 ma hana 'yan wasa yi wa juna tayin kai tsaye aka yi.

Abin da ya fi ƙona min rai hujjarsa, wai da manhajar ces mai suna Stockfish yake atisaye a waya, ya saba. To ita kwamfuta gabanta ba ya faɗuwa, ba ta gumi, ko sau goma ka nemi canjaras lissafinta ba zai girgiza ba. Ni kuwa mutum ne, ga zafin Kano, ga hon ɗin 'yan adaidaita sahu a bayana. Na faɗa masa a gaban kowa, in ya sake buɗe baki a lokacina na daina zama allo ɗaya da shi.